Ɗan Ruwa ko Mai Ƙiriniya? Tarihin Lalurori Biyu da Ke Zama a Jiki Ɗaya

Gabatarwa

A kowace unguwa ta ƙasar Hausa akwai yara iri biyu da ba a rasa sanya musu suna. Na farko shi ne wanda ɗuwawunsa ba ya taɓa tabarma: yanzu yana kan katanga, an jima yana bakin rijiya, in an aike shi sayen gishiri ya dawo da labarin faɗan zakaru. Shi ake ce wa mai ƙiriniya, ko mai kunnen ƙashi. Na biyu kuwa shi ne wanda ake kiran sunansa ba ya waiwaya, ba ya haɗa ido da kowa, ba ya shiga wasan tsaransa, sai ya wuni yana jera duwatsu ko yana juya murfin kwano. Shi kuma a ce miskili ne, ko dolo, ko kuwa a ce akwai iska a tare da shi.

Likitocin zamani suna da suna ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye idan ya wuce misali har ya hana yaro rayuwa irin ta tsaransa. Na farko shi ne lalurar ƙiriniya da rashin natsuwa, wadda suke taƙaitawa da haruffan ADHD. Na biyu shi ne otizim, wanda gidajen rediyo kan kira galahanga, ko da yake wannan kalma takan haɗa har da waɗansu lalurorin da ba su da alaƙa da shi. To, amma fa akwai yaro na uku, watau wanda ya haɗa duka biyun. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun yadda aka gano lalurorin nan, da yadda aka gina katanga a tsakaninsu, da yadda katangar ta rushe, sa'an nan a duba abin da wannan tarihi ke faɗa wa mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga, waɗanda 'ya'yansu ke tashi a gaɓar tafkin Kainji.

Hanyar farko: yaron da ba ya zama

Tun a shekarar 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Crichton ya yi rubutu game da mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya, ya kuma lura cewa akan ga alamar hakan tun suna ƙanana. Amma wanda aka fi ambata shi ne George Still, likitan yara a birnin Landan, wanda ya gabatar da laccoci a shekarar 1902 a kan waɗansu yara masu cikakken wayo, amma ba sa iya kame kansu. Still ya ɗauki abin a matsayin tawaya ce a wajen riƙe ɗabi'a, sai dai ya ga cewa sau da yawa ba daga rashin tarbiyyar gida ta samo asali ba.

Daga wajen shekarar 1917 zuwa cikin shekarun 1920 aka yi annobar wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka. Yara da dama da suka tashi daga wannan ciwo sai halinsu ya sake, suka zama masu rawar kai da rashin haƙuri. Wannan ya sa likitoci suka fara neman tushen abin a cikin ƙwaƙwalwa, ba a cikin zuciya ba. A shekarar 1937 kuma Charles Bradley, a wani gidan jinyar yara a Amurka, ya ba waɗansu yara maganin Benzedrine, wanda aikinsa shi ne zaburar da jiki, sai ya ga abin mamaki: maimakon su ƙara birkicewa, sai da yawansu suka natsu, karatunsu ya gyaru. Daga nan hanyar magani ta buɗe, har aka haɗa wanda aka sani da sunan Ritalin a shekarar 1944.

Hanya ta biyu: yaron da ya shige cikin kansa

Kalmar otizim kuwa Eugen Bleuler, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, shi ya yaɗa ta a shekarar 1911, daga kalmar Girkanci mai ma'anar kai, watau mutum ya koma cikin kansa. Shi a kan manya masu taɓin hankali yake magana. Wadda ta fara siffanta yara masu wannan hali dalla-dalla ita ce Grunya Sukhareva, likita a birnin Mosko, a shekarun 1925 da 1926, inda ta kawo bayanin yara maza 6. Aikinta bai samu masu karatu sosai a ƙasashen da ke magana da Ingilishi ba sai da aka fassara shi a 1996.

A shekarar 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya buga bayanin yara 11 waɗanda suka fi son kaɗaici tun daga goyo, kuma ba sa jure a sauya musu tsarin da suka saba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1944, Hans Asperger na birnin Biyana ya kawo labarin yara maza 4. A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Yaron farko a cikin bayanin Asperger, wanda ya kira Fritz, makaranta ce ta dawo da shi tun ranar farko, ta ce ba zai koyu ba, kuma an siffanta shi da rashin zama wuri ɗaya da taɓe-taɓen duk abin da ya gani. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane: ƙiriniya tana nan a cikin labarin otizim tun daga shafinsa na farko.

Bayan wannan sai aka shiga wani zamani mai ɗaci ga iyaye mata. Waɗansu masana, musamman Bruno Bettelheim a littafinsa na 1967, suka yi ta koyar da cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna su ke jawo otizim. Bernard Rimland, wanda shi kansa uban yaro mai lalurar ne, ya ƙalubalanci wannan ra'ayi tun a 1964. Sa'an nan a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka yi nazarin tagwaye 21 a Ingila, suka nuna cewa gado yana da babban hannu a ciki. A 1979 kuma Lorna Wing da Judith Gould suka nuna cewa lalurar mataki-mataki ce, daga wanda ba ya magana sam har zuwa wanda ke iya kai wa jami'a.

Yadda aka gina katanga

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suna da wani kundi da suke jera lalurori da alamominsu a ciki, ana kiransa DSM, kuma duniya takan bi sawunsa. A bugun 1968 aka shigar da yawan motsi na yara. A bugun 1980 aka ba rashin natsuwa sunansa, aka kuma ware otizim daga taɓin hankali, aka ba shi gurbi na kansa. A 1987 sunan ADHD ya bayyana. Sai dai an kafa wata ƙa'ida wadda ta ci gaba har a bugun 1994: idan an tabbatar yaro yana da otizim, to, ba a yarda a rubuta masa lalurar ƙiriniya ba. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan lokaci ma haka ya tsara.

Dalilinsu shi ne, a ganinsu otizim shi ne babbar bishiya, rashin natsuwa kuwa reshe ne kawai daga jikinta. Wannan ƙa'ida ta haifar da illa iri biyu. Ta farko, yaron da aka fara gane otizim a jikinsa ba a kula da ƙiriniyarsa a matsayin abin da ke da nasa magani. Ta biyu, yaron da ƙiriniyarsa ta fi fitowa fili sai a tsaya a nan, a yi shekaru ba a lura da wahalarsa ta hulɗa da mutane ba. Daɗin daɗawa, masu bincike da yawa sukan cire duk yaron da ya haɗa biyun daga cikin nazarinsu, don haka ƙa'idar ta riƙa ɓoye hujjar da za ta rushe ta.

Yadda katangar ta rushe

Likitocin da ke ganin yara kullum ba su gamsu ba. A birnin Gotenbog na ƙasar Suwidin, Christopher Gillberg da abokan aikinsa sun yi ta nunawa tun cikin shekarun 1980 cewa yaran da ke da tsananin rashin natsuwa da rashin saitin gaɓoɓi sukan nuna alamun otizim. Nazarin dubban tagwaye a Ingila wanda Angelica Ronald da 'yan'uwanta masana suka buga a 2008 ya nuna cewa kaso mai yawa na gadon da ke jawo ɗaya shi ne ke jawo ɗayar. Shi ya sa a zuriya ɗaya akan samu wa yana da otizim, ƙane yana da ƙiriniya, ɗan baffansu kuma ya haɗa biyun.

A shekarar 2013 sabon bugun kundin DSM ya cire ƙa'idar, ya yarda a rubuta wa mutum ɗaya lalurorin biyu. Sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022 shi ma ya bi wannan hanya. Watau an yi shekara 70 cif daga rubutun Kanner kafin a amince a kan takarda da abin da iyaye ke gani a tsakar gida.

Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce, kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, wajen 5 cikin 100 kuma suna da lalurar ƙiriniya. Wani babban nazari na 2019 da ya tattara sakamakon bincike masu yawa ya samu cewa kimanin 28 cikin 100 na masu otizim suna da lalurar ƙiriniya, waɗansu nazarce-nazarcen ma sun kai abin kusa da 40. Ko wanne aka ɗauka, haɗuwar ta fi ƙarfin a ce katari ne.

Bambancin yana da amfani a sani. Alal misali, mai ƙiriniya ya san ana durƙusawa a gaida babba, gaggawa ce ke sa ya wuce a guje. Mai otizim kuwa sau da yawa bai karanta fuskar babban ba balle ya gane ana jiran gaisuwarsa. Hankalin mai ƙiriniya kowane motsi yana fizgarsa. Na mai otizim yakan kafe a kan abu ɗaya ya ƙi sakinsa. Wancan yana son sabon abu, wannan yana son abin da ya saba. To, wanda ya haɗa biyun ana jansa gabas da yamma a lokaci guda: yana buƙatar tsari, kuma ba ya iya riƙe tsarin. Hatta magani ba ya yi musu aiki daidai. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa irin maganin nan na Ritalin ya taimaki kusan rabin yara masu otizim da ƙiriniya, alhali a wajen masu ƙiriniya kaɗai yakan taimaki fiye da haka, kuma masu otizim sun fi samun illarsa. Saboda haka ba magani ne da za a saya a kemis a ba yaro ba, sai da likitan da ya san abin.

Mu dawo gida

Kakanninmu ba su jira Bature ba kafin su lura da irin waɗannan yara, sai dai sun fassara abin da ma'aunin zamaninsu. Akwai imanin nan na ɗan ruwa, watau a ce aljanun ruwa sun musanya jariri da nasu. An fi jingina shi ga yaron da jikinsa ya saki, bai zauna ba, bai yi tafiya ba, amma yakan faɗa har kan wanda ya ƙi magana ya ƙi kallon mutane. A tsarin bori kuma kowane irin baƙon hali akwai iskar da ake danganta shi da ita. Ƙiriniya kuwa ba a kai ta wajen boka, don ba a ɗauke ta ciwo ba, maganinta dorina. A nan za mu ga cewa mu ma mun gina irin tamu katangar: shiru na iska ne, rawar kai na rashin tarbiyya ne. Yaron da ya haɗa biyun sai ya sha hayaƙi da dare, ya sha bulala da safe. Uwarsa kuma ta sha zargi, kamar yadda takwarorinta na Amurka suka sha a zamanin Bettelheim.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta kawo wa irin wannan yaro komai ba. Gidajen da ta buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907 na tsare manya ne, haka dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958. Canji ya fara ne a 1954, sa'ad da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda mara lafiya ke zama tare da danginsa a cikin jama'a. Ta fuskar ilmi kuwa, an fara da naƙasar da ido ke gani: makarantar makafi ta Gindiri a 1953, sa'an nan makarantar Tudun Maliki a Kano da kwalejin horar da malaman yara masu buƙata ta musamman a Oyo, duka a 1977, shekarar da aka fitar da manufar ilmi ta ƙasa. Har an daɗe ana zaton otizim lalurar Turawa ce, sai da Victor Lotter ya zagaya ƙasashen Afirka 6, ciki har da Nijeriya, ya buga sakamakonsa a 1978, ya tabbatar akwai ta a nan ma.

A ƙasar Yawuri abubuwa biyu suka sauya rayuwar yaro a cikin shekara goma. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya shanye tsibirai da fadamu, aka tashi mutane wajen 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin Kwara, aka sake musu matsuguni. Na biyu shi ne shirin ilmin firamare kyauta ga kowa da aka ƙaddamar a Satumbar 1976. A rayuwar su da noma, yaro mai rawar kai yana da inda zai zubar da ƙarfinsa: tuƙin kwalekwale, jan koma, korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Mai son kaɗaici da maimaita abu ɗaya kuma yana iya wuni yana gyaran taru, a yaba masa. Ba wai lalurar ba ta nan ba ne a da, ko kuwa ba a wahala da ita. Abin da ya faru shi ne benci da allo sun zo da sabon ma'auni, watau zama shiru na sa'o'i a cikin ɗaki mai hayaniya, ana bin umarnin baki. Wannan ma'auni kuwa shi ne daidai inda lalurorin biyu suka fi rauni. Yaron da aka ce ba ya ja sai a cire shi, a mai da shi bakin ruwa.

Haɗarin bakin ruwa

A nan maganar ta wuce ta karatu, ta koma ta rai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya samu cewa kusan rabin yara masu otizim sun taɓa sulalewa daga inda ake kula da su, kuma nutsewa a ruwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka ɓace ta wannan hanya. Da yawansu ruwa yana jan hankalinsu, kuma ba sa auna haɗari. Idan aka haɗa wannan da gaggawar mai ƙiriniya, wanda ƙafarsa ke riga tunaninsa, sa'an nan aka tuna cewa yaron ba lalle ne ya amsa kira ba in ana nemansa, mai karatu zai gane abin da hakan ke nufi a Yelwa ko Wara ko duk wani ƙauyen da ƙofar gida ke kallon tafki. Idan irin wannan yaro ya faɗa ruwa aka ce dama ɗan ruwa ne, 'yan'uwansa sun karɓe shi, to camfi ya rufe bakin tambayar da ya kamata a yi.

Har ila yau, ba duk yaron da ya ƙi amsa kira ne mai otizim ba, ba kuma duk mai rawar kai ne mai lalura ba. Sanƙarau da ƙyanda suna kurmantar da yaro, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yakan bar rashin natsuwa, haka ma gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Tun da ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri ma, wannan abin lura ne. Game da jita-jitar cewa allurar rigakafi ke jawo otizim kuwa, tushenta wata takarda ce da Andrew Wakefield ya buga a Ingila a 1998. An janye takardar a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, bincike a kan dubban ɗaruruwan yara kuma bai samu wata alaƙa ba.

Akwai kuma 'yan mata. A ko'ina a duniya an fi gane lalurorin nan a jikin maza, kuma masana sun yarda cewa ana tsallake mata da yawa. A wajenmu abin ya fi sauƙin ɓoyewa, domin yarinyar da ba ta ɗaga ido, ba ta magana a cikin mutane, sai a ce kunya ce da kawaici, a yaba. Ba za a farga ba sai ta je gidan miji, hidima ta yi mata yawa, a ce ƙazama ce ko sakarya.

Kammalawa

Dokoki sun fara sauyawa. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, a Janairun 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu ta zama ranar otizim tun daga 2008. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, amma daga Ngaski ko Shanga wannan doguwar tafiya ce mai cin kuɗi, kuma uba ba zai kama hanya ba sai ya yarda cewa abin da ke damun ɗansa lalura ce.

A nan ne aikinmu ya shigo, mu ɗaliban harshe. Muddin kalmar galahanga ita kaɗai ce ke ɗauke da otizim da shanyewar gaɓoɓi da jinkirin fahimta, ƙiriniya kuma tana nan a matsayin zagi, to ma'aikacin lafiya a ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da kalmar da zai yi wa uwa bayani. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da likitocin yara da malaman firamare a tsayar da sunaye biyu masu mutunci, waɗanda za a iya furtawa a gaban yaron ba tare da an muzanta shi ba, a kuma fassara tambayoyin gwajin yara zuwa Hausar da mutumin karkara ke ji. Ya kamata kuma mu bi tsofaffi a garuruwan bakin tafki mu rubuta sunayen da Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa ke kiran irin waɗannan yara, da irin sana'ar da akan ba su, kafin masu wannan sani su ƙare.

Kafin nan, akwai abin da kowane gida zai iya. Yaron da ya kai shekara biyu ba ya amsa sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, a fara kai shi a auna jinsa. Wanda aka san yana sulalewa, a sa wa ƙofa sakata a sama, a sanar da maƙwabta da masunta, a koya masa iyo da wuri, kuma ranar da aka neme shi aka rasa, a fara dubawa a bakin ruwa kafin ko'ina. Malami kuma ya zaunar da shi a gaba, ya ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya bar shi ya motsa jiki tsakanin darasi da darasi.

Likitocin duniya sun yi shekara 70 kafin su yarda cewa yaro ɗaya yana iya ɗaukar kaya biyu. Mu da muka tarar an riga an share hanya, ba mu da hujjar ɗaukar wannan tsawon lokaci. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu dace.